Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano Kan Zaluncin da Ɗalibai ke Yi wa Junansu

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi na Jihar Kano, da shugabannin hukumomin da ke kula da makarantun firamare, da na sakandare, da na kimiyya da fasaha, da masu zaman kansu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, tun daga watan Yunin 2024 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, jama'ar Kano ke jin labarin gyaran azuzuwa da sayen kujeru da rabon kayan makaranta da ɗaukar malamai, kuma babu mai hankalin da zai raina wannan aiki, domin yaron da ke zaune a ƙasa, rufi na yoyo a kansa, da wuya ya koyi wani abin kirki. Sai dai akwai wani ɓangare na rayuwar ɗalibi da ba ya shiga kasafin kuɗi, ba a kuma gayyato 'yan jarida dominsa, wato yadda yara ke yi da junansu da zarar idon babba ya kau. A kan wannan na ɗauki alƙalami, a matsayina na wanda ya daɗe yana koyarwa a makarantun gwamnati, na kwana da na jeka-ka-dawo, kuma uba mai 'ya'ya da jikoki a cikinsu.

A watan Yulin 2025 aka wayi gari da labarin rasuwar ɗalibai biyu a makarantar sakandaren kwana ta gwamnati da ke Bichi, waɗanda rahotanni suka ce 'yan'uwansu ɗalibai ne suka yi musu dukan da ya zama ajalinsu da sunan hukunci. Ma'aikatarku ta ba da umarnin bincike, 'yan sanda kuma suka kama wasu ɗalibai. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙurin jure wannan rashi. Irin wannan labari shi ne ke kaiwa gidajen rediyo, a yi 'yan kwanaki ana ce-ce-ku-ce, sannan wani labarin ya taso ya danne shi. Waɗanda nake magana a kansu sun fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba: yaran da suka fito da ransu, babu karaya babu tabo, suka karɓi takardar shaidar kammalawa, amma suka tafi gida da wani ciwo da zai bi su har gidan aurensu da wurin sana'arsu, wasu ma har furfura.

Yara na faɗa, yara na tsokanar juna, kuma yara biyu sa'annin juna da suka dambace a filin ƙwallo suka shirya kafin la'asar ba su ne damuwata ba. Masanin halayyar ɗan'adam Dan Olweus, wanda ya fara nazarin wannan al'amari tun shekarun 1970 kuma ya yi yawancin aikinsa a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norway, ya bambance cin zali da faɗan yara da abubuwa uku: ana yin sa da gangan, ana maimaita shi, kuma wanda ake yi wa ba shi da ƙarfin rama wa kansa. Duk wanda ya yi makarantar kwana a Arewa ya san siffarsa. Ɗan aji ɗaya ya iso da akwatinsa, kafin mako ya zagayo an raba shi da garin kwakinsa da sukari da madara da ɗan kuɗin da mahaifiyarsa ta ƙulle masa a gefen zane. Shi ne mai ɗebo wa siniya ruwa da asuba, shi ne mai wanki da guga, wani lokaci har da fifita idan dare ya yi zafi. In ya makara, ga tsallen kwaɗo, ga kamun kunne, ga gwale-gwale a tsakiyar rana, ga bel ko wayar wuta. A ɗakin cin abinci namansa na wani ne. A makarantun 'yan mata hannu bai cika yawa haka ba, amma akwai gori da zunɗe da ƙage, da haɗa kai a ƙaurace wa yarinya ɗaya har tsawon zango, da bautar da ake yi wa uwar ɗaki. Akwai kuma lalata da ƙananan yara, wadda kowa ya san tana faruwa, kowa kuma yake kauce wa ambatonta.

A makarantun jeka-ka-dawo na cikin birni abin ya fi karkata ga baki. Mai i'ina ana kwaikwayonsa duk lokacin da malami ya tashe shi karatu, har ya gwammace a ce bai sani ba. Zabiya, da wanda shan-inna ya taɓa, da mai ciwon sikila da ke yawan fashi, da maraya mai yagaggen yunifom, da yaron da iyayensa suka taso daga ƙauye da karin harshensu, kowanne yana da sunan da aka laƙaba masa, kuma sau da yawa malami ne ma ya fara furta sunan cikin raha, aji ya ɗauka. Tsangaya ma ba ta tsira ba, domin abin da ƙolo ke gani a hannun wasu titibirai da gardawa, musamman kan abin da ya samo a bara, sananne ne. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya, wato kashi 32 cikin ɗari, ya ce 'yan'uwansa sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci tambayar, a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kai kashi 48, kusan rabin aji ke nan.

Na san amsar da ake bayarwa, domin na sha jin ta a ɗakin malamai da wajen taron iyaye, har daga bakin manyan ma'aikata. Mu ma haka aka yi mana, ga mu nan mun zama mutane. Siniyoriti ne, shi ke koya wa yaro juriya da biyayya, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon ranka ya daɗe ya duba su wane ne ke faɗin wannan magana. Masu faɗinta su ne waɗanda suka kai ƙarshe, suka samu aiki, suke haɗuwa a taron tsofaffin ɗalibai suna dariyar wuyar da suka sha. Wanda ya haura katanga a aji biyu bai sake komawa ba, da wadda ta yi ta ciwon ƙarya har iyayenta suka gaji suka aurar da ita, da wanda ya gama amma ko sunan makarantar ba ya son ji, duk ba sa zuwa wannan taro, saboda haka ba a jin tasu shaidar. Su kansu masu dariyar, da za a tambayi matansu da 'ya'yansu yadda suke idan ransu ya ɓaci, da wataƙila an ji wani labari dabam.

Ba a bar wannan batu ga zato ba. A Birtaniya an daɗe ana bin rayuwar yaran da aka haifa cikin mako guda a shekarar 1958. Lokacin da suke da shekara 7 da kuma 11, an tambayi iyayensu ko wasu yara na cin zalinsu. A 2014 masu bincike na kwalejin King's da ke Landan, cikinsu har da Louise Arseneault, suka duba bayanan mutum 7,771 daga cikinsu, waɗanda a lokacin sun haura shekara 50. Kashi 28 cikin ɗari an ci zalinsu jefi-jefi suna yara, kashi 15 kuma a kai a kai. Bayan kusan shekara 40, waɗanda aka zalunta sun fi sauran fama da damuwa da ƙuncin rai, waɗanda abin ya yi wa yawa kuma sun fi kamuwa da ciwon baƙin ciki mai tsanani da fargaba da tunanin kashe kai. Karatunsu bai kai na sauran nisa ba, mazan cikinsu sun fi zama babu aiki ko samun albashi kaɗan, sun fi ƙarancin abokin zama da wanda za su jingina da shi idan rashin lafiya ta zo, kuma sun fi cewa ba su ji daɗin rayuwarsu ba. Wannan bambanci bai gushe ba ko da aka cire tasirin talaucin gida da kaifin ƙwaƙwalwar yaro da matsalolin da yake da su tun farko.

Mai musu zai iya cewa dama yaro mai rauni ake zaɓa a zalunta, don haka raunin ne ya bi shi. An gwada wannan ma. A wani binciken da ya bi iyalai 1,116 masu tagwaye a Ingila da Wales, an kwatanta tagwaye masu kama ɗaya, jininsu ɗaya, gidansu ɗaya, tukunyarsu ɗaya, aka tarar wanda aka ci zalinsa a cikin biyun ya fi ɗan'uwansa nuna alamun damuwa da tsoro, har yadda jikinsa ke fitar da sinadarin da ke tashi lokacin firgici ya sauya. A jihar North Carolina ta Amurka kuma an bi yara 1,420 tun suna tsakanin shekara 9 zuwa 16 har suka zama samari da 'yan mata, aka ga waɗanda aka zalunta sun fi fama da ciwon fargaba da firgita haka kawai da tsoron fita cikin jama'a, aka kuma samu alamun kumburin cikin jiki sun fi yawa a jininsu bayan shekaru. Da aka haɗa wannan bincike da wani na Ingila a 2015, sakamakon ya ba mutane da yawa mamaki, domin ya nuna cewa yaran da sa'anninsu suka zalunta sun fi shiga matsalar ƙwaƙwalwa a girmansu fiye da waɗanda manya kaɗai suka gallaza wa.

Akwai wani abu a binciken na Amurka da ya kamata ya hana ma'aikatarku barci. Masu binciken sun raba yaran gida uku: waɗanda aka zalunta, da masu zaluncin, da waɗanda suka haɗa biyun, wato an yi musu su ma suka yi wa wasu. Wannan kaso na uku shi ya fi kowa lalacewa, a lafiya da dukiya da zaman tare da mutane. To, tsarin siniya da juniya a makarantunmu na kwana, idan aka dube shi da idon basira, wannan kaso na uku yake samarwa duk shekara. Yaron da ya sha bel a aji ɗaya yana lissafin ranar da zai shiga aji shida, kuma idan ta zo, abin da aka yi masa yake biya a jikin ɗan wani, har da ƙari. Ba muguwar haihuwa ba ce. Shekara biyar muka yi muna koya masa cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya, cewa na ƙasa bawa ne, cewa kuka ba shi da amfani, sannan muka miƙa masa sanda muka ce ya kula da ɗaki. Shi ma wanda bai taɓa zama a ƙasa ba, mai zalunci tun asali, ba ya fita lafiya: Olweus ya tarar da cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari na yara mazan da aka sani da cin zali a ƙananan azuzuwan sakandare, kotu ta same su da laifi aƙalla sau ɗaya kafin su wuce shekara 24. A garin da ke kuka da faɗan daba da ƙwacen waya, bai kamata a ɗauki wannan a matsayin labarin Turawa ba.

Duk waɗannan bincike an yi su ne a ƙasashen da yawancin yara ke komawa gida kullum da yamma, su kwana kusa da iyayensu. Namu ɗan makarantar kwanan yana kwana ɗaki ɗaya da wanda yake tsoro, wata uku a jere, ba ya ganin kowa nasa sai ranar ziyara. Jikin da ke cikin tsoro dare da rana ba ya samun barci mai nauyi, ƙwaƙwalwar da ke sauraron takun siniya kuma ba ta da sararin riƙe lissafi. Shi ya sa za ka ga yaron da ya zo na ɗaya a firamare ya koma ƙarshen aji cikin zango biyu, a rubuta masa "ya ƙara ƙoƙari" a katin sakamako. Rahoton UNESCO ya ce yaran da ake yawan zalunta sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen ƙin zuwa makaranta. A jihar da gwamnati ke ta fafutukar mayar da yara aji, ya dace a tambaya nawa ne daga cikin waɗanda suka fita tsoro ya kora, aka rubuta talauci.

Yadda abin ke bayyana daga baya kuwa, mu da muka ga ɗalibanmu sun girma mun san shi. Akwai magidancin da ke da ilimi da basira amma ba ya iya buɗe baki a taro, ko a gaban surukansa, kuma duk wanda ya ɗaga masa murya sai ya bar masa haƙƙinsa. Akwai wanda ya koma akasin haka, ba ya jure ƙaramar magana, gidansa ya zama ɗakin kwanan ɗalibai shi kuma ya zama siniya. Akwai matar da ba ta yarda da kowace ƙawa ba, kullum tana jin kamar da ita ake idan mutum biyu suka yi dariya. Akwai saurayin da ya fara shan maganin tari ko ƙwaya don ya samu barci, ko ya shiga cikin 'yan daba don kada a sake taɓa shi. Idan abin ya tsananta, sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta yawon neman magani, kuma in ma an kai ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko sashen masu irin wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, an riga an yi asarar shekaru, ga kunyar da dangi ke ji. Ban ce duk mai irin wannan hali makaranta ce ta jawo masa ba. Na ce tana cikin manyan ƙofofin da yake shigowa ta cikinsu, kuma ita ce ƙofar da makullinta ke hannunku.

Ranka ya daɗe, tushen matsalar a makarantun kwana, a ganina, mu manya ne. Mun janye daga rayuwar ɗalibi tun daga tashi daga karatun dare har zuwa taron safe, muka bar wa firifet-firifet, waɗanda su ma yara ne 'yan shekara 16 ko 17, ikon da ko malami sai da horo ya kamata a ba shi. A makarantu da yawa gidajen malamai sun lalace ko ba su isa ba, malamin da aka ɗora wa kula da ɗakin kwana yana zaune a cikin gari, yana hawa babur ya tafi da yamma. Ɗaki ɗaya na ɗauke da yara fiye da ƙima, babu wuta, babu fitila. Sannan ga ƙarancin abinci da ruwa, wanda ba a cika haɗa shi da wannan zance ba, alhali shi ke hura wutarsa: inda famfo ɗaya ne ga ɗaruruwan yara, kuma tuwon dare ba ya ƙosarwa, dole mai ƙarfi ya ci na marar ƙarfi, dole a samu mai ɗebo wa wani ruwa. Wasu malaman kuma sun ga sauƙi a cikin tsarin, tunda muddin siniyoyi na riƙe da ɗakuna babu mai tashinsu cikin dare. Malamin da ke zagin uwar yaro a gaban aji, ko ya sa monita ya zane 'yan'uwansa, shi ma darasi yake bayarwa, kuma ana ɗaukar sa fiye da wanda ya rubuta a allo.

Yaro kuwa ba ya kai ƙara, kuma yana da hujja. In ya faɗa wa malami, za a kira siniyan a yi masa faɗa, dare ya yi, a koma ɗaki ɗaya, gobe kuma sunansa munafuki. In ya faɗa a gida, sai a ce masa ya zama namiji, ko a ce ta yi haƙuri kowa da haka ya saba, domin mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan kunya da kawaici da rashin kai ƙarar na gaba, halaye masu kyau waɗanda azzalumi ya fi kowa cin moriyarsu. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yara shida cikin goma a Najeriya na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda ke samun wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Yanzu ga waya ta shigo. A watan Afrilun 2024 ƙasar nan ta ga bidiyon wata ɗaliba da 'yan makarantarsu ke mari a wata makarantar kuɗi a Abuja, aka rufe makarantar na 'yan kwanaki saboda hoton ya yaɗu. Abin da ake yi wa yaro a bayan aji yau yana iya kwana a TikTok ko a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, ya bi shi har ɗakin mahaifiyarsa, inda a da nan ne mafakarsa.

Babu abin da zan koya wa mutanen Kano game da hukuncin zalunci. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana aibata juna da jifan juna da munanan laƙabobi, kuma yaranmu na haddace ta. A cikin Arba'una Hadisi da ake karantarwa a kowace Islamiyya akwai hadisin da Allah Maɗaukaki Ya ce Ya haramta wa kansa zalunci, Ya kuma sanya shi haramun a tsakaninmu. Hadisin da muke yawan kafa hujja da shi kan girmama na gaba, shi ne dai ya ambaci jin ƙan na ƙasa, amma a makarantunmu rabi ɗaya kawai ake aiki da shi. Ta fuskar doka ma ba a bar ku hannu rabbana ba, domin Kano ta samu Dokar Kare Yara a 2023, shekara 20 bayan dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, ga kuma manufar ƙasa ta 2021 kan tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu. Abin da ya rage shi ne waɗannan takardu su isa ɗakin kwanan ɗan aji ɗaya da ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Saboda haka roƙona na farko, kuma mafi girma, shi ne ma'aikata ta fitar da umarni a rubuce cewa babu ɗalibin da ke da ikon dukan ɗalibi, ko sa shi gwale-gwale, ko aikensa aikin kansa, ko wane muƙami yake riƙe da shi, a kuma karanta wannan umarni a taron safe a gaban kowa a farkon kowane zango. Shugabancin ɗalibai abu ne mai kyau, amma aikinsa tsara layi da duba tsafta da kai rahoto. Umarnin kuwa ba zai yi aiki ba sai an samu babba da ke kwana a cikin ko a jikin kowane ɗakin kwana, a gyara masa wurin zama, a ba shi alawus, a kuma tambaye shi idan wani abu ya faru. Idan za a iya ware wa 'yan aji ɗaya da biyu ɗakunansu dabam, da famfonsu da layin abincinsu, an rage rabin fitinar ba tare da an taɓa kowa ba. A cikin kuɗin dokar ta-ɓaci, rijiyar burtsatse da fitila mai aiki da hasken rana a ɗakin kwana sun cancanci a lissafa su tare da kujeru.

Sai kuma hanyar kai kuka da ba za ta jefa yaro cikin haɗari ba. Yawancin makarantu na da malamin ba da shawara a takarda, amma za ka tarar an cika shi da darussa, ba shi da ofis, yara ma ba su san shi ba. A ba shi lokaci da ɗaki mai ƙofa, a makarantun 'yan mata ta zama mace, a kuma riƙa duba jikin ƙananan ɗalibai da tambayarsu a keɓe lokaci-lokaci ba sai sun kawo ƙara ba. Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da Jami'ar Bayero na da masanan da za su iya horar da waɗannan malamai, su kuma sa batun a cikin karatun masu shirin zama malamai. Wanda aka kama da zalunci a hukunta shi daidai laifinsa, wanda ya kai ga rauni ko lalata a miƙa shi ga hukuma maimakon a rufe don kare sunan makaranta, amma a daina ɗauke yaro daga wannan makaranta a kai shi waccan ba tare da an zauna da shi da iyayensa ba, domin sababbin juniyoyi kawai aka ba shi.

An gwada gyara a wasu wurare ya kuma yi aiki. Bayan wasu yara maza uku sun kashe kansu a arewacin Norway a 1982, ƙasar ta ƙaddamar da gangami a 1983, kuma a makarantun birnin Bergen da aka aiwatar da tsarin Olweus cin zali ya ragu da kusan rabi. A Finland, shirin KiVa da Jami'ar Turku ta tsara ya mai da hankali kan 'yan kallo, bisa lura da cewa mai cin zali dariyar aji yake nema, kuma idan aji ya ƙi dariya, ko mutum biyu suka tsaya kusa da wanda ake wulaƙantawa, kasuwarsa ta mutu. Mu da muke da hadisin da ya umarce mu mu taimaki ɗan'uwanmu ko shi ne azzalumi, ta hanyar riƙe hannunsa, ba mu da uzurin rasa yadda za mu koyar da wannan. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, masu gina masallatai da azuzuwa a makarantunsu, su ma a nemi su daina ba yara labarin siniyoriti kamar wani abin alfahari idan sun zo ziyara.

Daga ƙarshe, ina roƙon a fara ƙirgawa. A sa kowace makaranta, ta gwamnati da ta kuɗi, ta buɗe littafin da za ta rubuta duk ƙarar cin zali da matakin da aka ɗauka, masu duba makarantu su riƙa neman sa kamar yadda suke neman rajistar aji, kada kuma a hukunta shugaban makarantar da littafinsa ya cika, a tuhumi wanda nasa ya zo fari fat. Sau ɗaya a shekara a raba wa ɗalibai takardar tambaya da ba sai sun sa suna ba. Ƙasashen UNESCO, ciki har da Najeriya, sun amince tun 2019 cewa Alhamis ta farko a watan Nuwamba ita ce ranar yaƙi da cin zali a makarantu. Ina roƙon ma'aikatarku ta ɗauki wannan rana ta riƙa bayyana wa iyayen Kano alƙaluman da ta tattara, ta kuma fara da sanar da su abin da binciken Bichi ya gano da matakan da aka ɗauka a kansa.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ku ikon sauke wannan amana.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani tsohon malamin sakandare,
Ƙaramar Hukumar Gwale, Kano.